Kurtu: Kalmar Da Ta Faro Daga Tohon Itace

A 'yan kwanakin nan mun karanta labarai da dama da jaruminsu soja ne, kuma kusan duk inda aka zo batun shigarsa aikin sai marubuci ya tsallaka Turanci, kamar Hausa ba ta da abin faɗa. Alhali muna da "kurtu", har da jam'insa "kurata".

Gaskiya ne aro muka yi. Daga "recruit" ta Ingilishi ta fito, wato ɗaukar sabon soja, ko shi kansa sabon sojan. To amma su ma Turawan Ingila arowa suka yi daga Faransanci a wajen shekarun 1640, zamanin yaƙin basasarsu. A Faransanci "recrue" na nufin sabon toho, irin wanda itace ke fitarwa bayan an sare shi, tushenta kuwa "crescere" na Latin, wato girma. Runduna ta je yaƙi, mutuwa da cuta sun rage ta, sai a kawo samari su cike gurbi. Su ne tohon. Mu dai wannan ma'ana ta tsaya mana a rai: tun a sunansa an nuna cewa wani ya faɗi kafin a kira shi.

Ta bariki kalmar ta iso mana. A 1863 Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas da ake kira Hausawan Glover, sannan a 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar Afirka ta Yamma, inda Hausa ta zama harshen sojoji. Bakin Bahaushe ya yar da gaɓar farko, ya raba baƙaƙen da suka cunkushe, ya rufe da wasali. Haka aka samu soja, kofur, saje, samanja, hafsa da fareti.

Kada dai a haɗa shi da kurtun tawada na almajirai, wannan namu ne tun kafin zuwan Nasara.

Don haka idan jaruminki, ko jaruminka, ya tafi samun horo a Zariya, a rubuta cewa an ɗauke shi kurtu. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwansa tasha da ƙaramar jaka zai gane nan take.