Fiffiken Zaren Gilashi a Jiragen Ƙirar Gida

Wannan nau'in fiffike ne da ake sassaƙawa daga soso mai tauri, a lulluɓe shi da saƙar zaren gilashi ko na kabon, a shafe da danƙon efoksi har ya daskare. Kafin zuwansa, katako da yadi ake amfani da su, irin waɗanda ke jikin jirage 3 na sojan saman Ingila da suka fara sauka a Kano a ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Daga baya alminiyam ya karɓe fagen.

Jamusawa ne suka fara tayar da jirgin zaren gilashi, wato Phönix marar inji, a 1957. Amma wanda ya kai fasahar hannun masu ƙira a gida shi ne Burt Rutan na Amurka, da jirginsa VariEze na 1975. Mutum zai sayi zane, ya yanka soso da waya mai zafi, ya riƙa shimfiɗa saƙa ɗaya bisa ɗaya. A Disambar 1986 wani jirgin Rutan, Voyager, ya kewaye duniya cikin kwana 9 ba sauka ba ƙarin mai.

Ƙarfin fiffike yana ga dogon ƙashin da ya ratsa cikinsa, kamar azara a ɗakin soro. Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ƙananan jirage ta ce dole fiffike ya jure ninkin nauyin jirgi sau 3.8, a kuma bar masa rarar rabin haka kafin ya karye. Masu ƙira kan kifa fiffiken, su jera masa buhunan yashi, su auna lanƙwasarsa. Gwajin nan ba abin wasa ba ne, domin ƙarfe yakan lotsa ya ba da alama, shi kuwa zaren gilashi yana iya ɓoye kumfar iska a cikinsa alhali fatarsa sumul. Haka nan mai cika danƙo don neman ƙarfi, nauyi kawai ya ƙara, ya cinye rabon mai da na fasinja.

Sai kuma rana. Efoksin da ya daskare ba tare da gashi ba yakan yi laushi in ya ɗau zafi, shi ya sa ake yi wa jiragen farin fenti. A Getso da Gwarzo da Kabo, inda zafin bazara kan kai digiri 40, duk matashin da ke burin wannan ƙira daga nan ya kamata ya fara lissafi.

A Nijeriya, Kaduna ce ta fi kusa da wannan tarihi. Can kamfanin AIEP ya harhaɗa wa sojan sama jiragen koyo Air Beetle guda 60, bisa tsarin RV-6A, jirgin ƙirar gida na Amurka, sai dai fukafukansa na alminiyam ne. Mai son ganin jirgin zaren gilashi da kabon ido da ido, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da ɗalibai da Diamond DA40.