Mujallun Araha da Bunƙasar Ƙagaggun Labarai a Amurka

A cikin shekarar 1896 ne wani mai buga mujallu a birnin New York, Frank Munsey, ya mayar da mujallarsa mai suna Argosy ta ƙagaggun labarai zalla, ya kuma shiga buga ta a kan takarda mai kaushi da ake yi da niƙaƙƙen itace, domin ya sayar da ita santi goma kacal. Dabarar kuwa ta zo a kan gaɓa, gama a lokacin yawan masu iya karatu ya ƙaru, jirgin ƙasa kuma yana kai kaya har lungunan ƙasar.

Da kasuwa ta buɗe, sai kowace mujalla ta kama fanninta. Kamfanin Street & Smith ya fito da Western Story Magazine a 1919, mai labaran kaboyi, wato makiyayan shanu na yammacin Amurka. A 1920 aka kafa Black Mask, inda Dashiell Hammett, daga baya kuma Raymond Chandler, suka raba labarin binciken laifi da gidajen masu hali, suka kai shi titi, cikin 'yan fashi da masu cin hanci. Sa'an nan a 1923 Weird Tales ta ɓullo da labaran ban tsoro da na al'ajabi. A cikinta ne H. P. Lovecraft ya yi suna, Robert E. Howard kuma ya ƙago jaruminsa Conan a 1932.

Galibi santi ɗaya ake biyan marubuci a kan kowace kalma, saboda haka tilas ya yi ta rubutu ba ji ba gani. Wannan ya jawo shirme ya yi yawa, masana suka raina fannin gaba ɗaya, alhali akwai tsaba a cikin ƙaiƙayin.

Abubuwa uku suka karya mujallun: ƙananan littattafai masu bangon takarda da Pocket Books ya soma sayarwa a 1939, da ƙarancin takarda a Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma shigowar talabijin. Weird Tales ta tsaya a 1954. Ga shi kuwa takardar ba ta da ƙarko, takan yi ja ta rududduge.

Masu tattara labarai cikin kundi su ne suka yi ceto. Bayan mutuwar Lovecraft a 1937, August Derleth da Donald Wandrei sun kafa maɗaba'ar Arkham House a 1939 musamman don su haɗa labaransa a littafi guda. Da wannan hanya aka tace nagari, har Library of America, mai adana fitattun ayyukan adabin ƙasar, ta buga Chandler a 1995, da Lovecraft a 2005. Ashe ke nan, martabar rubutu ba ta rataya ga tsadar takardarsa ba, amma dawwamarsa ta rataya ga wanda ya tsince shi ya adana tun bai salwanta ba.