Kujerar Masassaƙi da Tumtum na Marwa

A unguwar Dugoi cikin birnin Marwa, kamar sauran unguwannin arewacin Kamaru, baƙon da ya shiga falon ma'aikaci yakan tarar da manyan kujerun kushin da tebur irin na Turawa. A gefe kuma ga tumtum na jar fata, ga wata gajeriyar kujera ta icce. Mutane da yawa suna tsammani na farkon su ne kayan zamani, na biyun kuwa ragowar zamanin da ne. Tarihi bai yarda da wannan zance ba.

Kafin zuwan Turawa, zaman mutanen ƙasar Adamawa da Diyamare kusa da ƙasa yake. Maza suna zama bisa tabarma ko buzu, Lamido yana bisa karagarsa, mata kuwa suna da kujera 'yar tsugunno wadda amarya takan tafi da ita gidan miji. Masassaƙi ne yake yin ta. Yakan zaɓi gungumen ƙirya ko maɗaci, ya sa gatari da gizago, ya fitar da mazauni da ƙafafu daga icce guda, ba ƙusa, ba haɗi. Sa'an nan ya ɗora ƙarfe a wuta, ya zana mata layuka irin na jikin ƙwarya. Majema kuma suna jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, dukawa su ɗinka matasai da tumtum. Hausawan da fatauci ya kawo su Garwa da Marwa suna da hannu ƙwarai cikin wannan sana'a ta fata, tare da Barebari da Fulani.

Jamusawa suka ci Garwa a 1901, Marwa kuma a 1902. Bayan yaƙin duniya na fari Faransawa suka karɓi ƙasar. Tare da su tebur da kabad da kujera mai dogayen ƙafafu suka shigo. 'Yan mishan na Lutheran suka fara aiki a arewa cikin shekarun 1920, fadojin Katolika kuma suka iso a 1946 ƙarƙashin Fada Yves Plumey, wanda daga baya ya zama bishop na fari na Garwa. Majami'a da makaranta suna bukatar benci, saboda haka aka koya wa samari aikin kafinta da zarto da ƙusa. Wannan alheri ne, gama ya ciyar da gidaje da yawa. Amma dole a faɗi gaskiya: waɗansu masu bi na farko sun ɗauka kowane sassaƙaƙƙen abu yana da wari na tsafi, waɗansu 'yan boko kuma suka ji kunyar kujerar uwayensu.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci Turawa a ƙasarsu suna ɗokin abin da ake renawa a nan. A 1908 Sarki Njoya na Bamun, a kudu maso yammacin Kamaru, ya aika wa sarkin Jamus da gadon sarauta wanda aka lulluɓe da duwatsun ado da wuri, aka ajiye shi a gidan tarihi a Balin. Jiragen ruwa suka riƙa kwasar kujeru da gumaka da matasan kai daga Afirka, waɗansu da ciniki, waɗansu da ƙwace. Masu zane suka dube su, suka ga sauƙin ƙira da ƙarfin siffa. A Jamus, a makarantar fasaha ta Bauhaus, Marcel Breuer da Gunta Stölzl suka yi wata kujera a 1921 wadda ake kira kujerar Afirka, an sassaƙa iccenta, an saƙa bayanta da zare mai launi. A Faris kuma Pierre Legrain ya yi wa attajiri Jacques Doucet kujeru bisa fasalin na Ashanti da na Kwango, ya shafe su da man ƙyalli. Attajirai suka saya da tsada, sunan masassaƙan da aka kwaikwaya kuwa ba wanda ya rubuta.

Daga nan kasuwa ta juyo gida. A zamanin Faransawa aka buɗe cibiyar masu sana'ar hannu kusa da babbar kasuwar Marwa, baƙi masu zuwa kallon namun daji a Waza suka riƙa sayen tumtum da darduman fata suna kai wa ƙasashensu. Kafintoci suka lura, suka soma rufe kujeru da jemammiyar fata, suna zana dagi a ƙofar kabad da kan gado. Haka gizago da zarto suka sadu a rumfa ɗaya.

Ikkilisiya ma ta sake tunani. Bayan babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 aka ƙarfafa masu bi su yi sujada da abin da Allah ya ba al'ummarsu. Cikin shekarun 1970 aka yi hotunan rayuwar Yesu tare da Kiristocin Mafa na duwatsun Mandara, inda aka nuna Almasihu cikin bukkoki da ƙore da tukwane na ƙasar. Ba sabon abu ba ne. Littafin Fitowa sura 31 ya ba da labarin Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin sassaƙa, Markus sura 6 kuma ya nuna Ubangiji kansa ya riƙe wannan sana'a a Nazarat.

Duk da haka sana'ar tana cikin hatsari. Manyan itatuwa sun ragu, kujerar roba ta cika kasuwa, tun 2013 kuma, da 'yan Boko Haram suka fara sace baƙi a yankin, masu yawon buɗe ido suka janye ƙafa. Tsohon da ya iya gizago in ya rasa almajiri, gwanintarsa takan bi shi kabari. Ikkilisiyar da za ta sayi bagadi ko mumbari ko kujerar bishop, ya kamata dattawanta su fara leƙa rumfar masassaƙin unguwarsu, su biya shi hakkinsa, su kuma dasa maɗaci a filin majami'a domin jikoki. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.