Wa Zai Riƙe Mini Yaron?

A gidan hayar da na tashi a Makera, ƙetaren kogin Kaduna, ɗakuna goma sha biyu ne jere suna kallon juna, famfo ɗaya, madafa ɗaya. Mazan gidan kusan duk ma'aikatan masaƙa ne. Matan kuwa, in ka tambayi ɗayarsu aikin me take yi, cewa za ta yi ba ta aiki. Amma tun asubar fari Inna ta hura wuta ta ɗora tandar waina, matar ɗakin ƙarshe, 'yar ƙabilar Bajju daga wajen Zonkuwa, tana dama kunun zaƙi, wata 'yar Tibi kuma tana kan keken ɗinki har dare. Duk a gida suke sana'a, kuma duk da goyo. Ban taɓa jin an zauna shawarar wa zai yi raino ba. In waina ta nemi ƙonewa, Inna takan kwance majanyi ta miƙa ƙanena ga wadda ta fi kusa, ta ce, "Yaya, riƙe mini shi in kwashe wannan." Shi ke nan.

Shi ya sa nakan yi murmushi in na ji ana cewa aiki daga gida sabon abu ne da intanet ta kawo. A 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi rubutu a kan cinikin da matan kulle suke yi daga ɗakunansu a Batagarawa, kusa da Katsina. Cikin shekarun 1970 Enid Schildkrout ta Amurka ta bibiyi yaran birnin Kano, ta ga su ne ƙafafun wannan ciniki: su ne 'yan talla, su ne 'yan aike, su ne masu raino. Yaro ba cikas ba ne ga sana'ar uwa a lokacin. Da ya tasa, shi ma ya shiga ciki.

Ƙetaren kogin Kaduna ya ɗauki wannan tsari ya yi masa kwaskwarima. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya cikin shekarun 1960, sai Peugeot a 1975. Jama'a suka yi ta kwararowa daga kudancin Zariya, daga Binuwai da Filato, daga Kano da Katsina, Hausa ta zama harshen tsakar gida. Sai dai kowa ya baro kakarsa a ƙauye. Maƙwabciya ce ta maye gurbin goggo, ba a tambayar cocinta ko masallacinta. Ga kuma maigida da ya kwana kan injin yana barcin rana, dole a kwashe yara a kai su can ƙarƙashin mangwaro, wata babbar yarinya tana lura da su.

Wannan yarinyar ita ce ginshiƙin abin, ita ce kuma ba a cika ambata ba. Da mace ta haihu, bayan arba'in sai a aika gida a turo 'yar ƙanwa ko 'yar ƙane, mai shekara takwas ko goma, da alkawarin za a sa ta makaranta. Wasu sun cika alkawari. Da yawa ba su cika ba. Na san wadda ta goya yara huɗu na gida ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har aka yi mata aure ba ta iya rubuta sunanta ba, alhali tun 1976 aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta. Duk mai kewar rainon zamanin da, ya dinga tuna a bayan wa aka goya shi.

Abubuwa biyu suka rushe waccan tsakar gida. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sana'ar matar da ake cewa ba ta aiki ta koma ita ce abincin gida gaba ɗaya. Kafin nan ma rikicin watan Fabrairu 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamba 2002, sun raba garin. Musulmi da dama suka haura Tudun Wada da Rigasa, Kirista suka gangaro Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora. Matar da ta saba karɓar ƙanena ta koma inda sai an hau mota biyu. Sabbin gidajen da aka gina kuwa kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe, ba ka san sunan na kusa da kai ba, balle ka miƙa masa jariri.

Sai waya ta zo, sana'a ta shige cikinta. Yau a Barnawa akwai mai sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, akwai mai yin kek bisa oda, akwai wadda ke yi wa wani kamfani na Legas lissafi da kwamfuta daga falonta. Dokar kulle ta ƙarshen Maris 2020, lokacin korona, ta ƙara tura mutane ciki, har da maza, waɗanda a karon farko suka ji yadda kukan yaro yake da ƙarfe goma na safe. A nan ne bambancin ya fito. Suyar waina hannu take ci, ta bar maka ido da kunne. Aikin waya da kwamfuta kuwa ido da kunnen yake ɗaukewa, waɗanda su ne dai yaro mai rarrafe yake buƙata. Ana iya dama kunu da goyo. Ba a iya taron bidiyo da shi.

Amma je ki faɗa wa surukarki haka. "Ke da kike gida, me za ki kai yaro raino?" Ma'aikaciyar gwamnatin jihar Kaduna ta samu hutun haihuwa na wata shida tun 2019. Mai aikin kanta ba ta da hutu ko na mako, kuma ita ake ganin ba ta da uzuri.

'Yata ta sha wannan bara. Ta fara da 'yar aiki ta hannun dillaliya, aka kawo mata yarinyar da ba ta wuce goma ba, ta mayar da ita. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar wanda bai kai goma sha biyu ba aikin gida, ko ba doka ma, yaro ba ya rainon yaro. Sai muka shiga zagayen gidajen raino. A wani, an yi wa bango fenti da zanen giwa da raƙumi, amma na ƙirga jarirai goma sha ɗaya a kan katifa biyu, mai lura ɗaya, talabijin na ta ihu. Da 'yata ta tambaya ko za ta iya leƙowa da rana ba tare da ta sanar ba, aka ce doka ta hana. Ba mu ƙara komawa ba. Tun daga ranar na daina duba bango, sai in nemi a nuna mini inda ake wanke hannu da inda ake ajiye ruwan sha, in kuma tsaya in ga ko yaran suna zuwa wajen mai rainon da kansu.

A ƙarshe, layi biyu daga gidanta ta samu wata dattijuwa, mijinta tsohon ma'aikacin KTL ne da ya rasu bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba. Yara uku take riƙewa, daga takwas na safe zuwa azahar, ƙofarta a buɗe, ana biyanta duk wata. Da na ba Inna labari ta waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kuɗi? Don ta riƙe yaro?" Na ce haka ne. Ta ce in tambayi matar ko ta taɓa zama a Makera, don ita har yanzu tana cigiyar mai kunun zaƙi.