Wa Ya Riƙe Ɗan Talaka Har Ya Yi Karatu? Waiwaye Kan Tarihin Taimakon Ilimi a Ƙasar Hausa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A duk shekara idan muka taho gida hutun Sallah daga Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, muka hallara a taron ƙungiya, batun da ya fi cin lokaci shi ne na karatun yaran da muka baro a gida. Wani ya ce a gina ajujuwa, wani ya ce a kai wa gwamnati kuka, wani kuma ya ce ai iyayen ne ba su damu ba. A tashi taro, kowa ya koma bakin aikinsa, sai kuma baɗi idan rai ya kai. A wannan fitowa ta mujallarmu mun ga ya dace mu koma baya, mu duba yadda magabata suka yi da ɗan talaka da maraya har suka sami karatu. Abin da tarihi ke nunawa shi ne, a kowane zamani, yaron da ba shi da galihu ya yi karatu ne saboda an sami wani takamaiman mutum, ko gida, ko unguwa, da ya ɗauki ɗawainiyar cinsa da suturarsa, ya kuma riƙe shi har ya kai gaci.

Zamanin allo da akushin unguwa

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa na da tsarin karatu wanda ba a korar yaro daga cikinsa saboda talaucin ubansa. Malamin allo ba shi da albashi. Abin da yake samu shi ne kuɗin Laraba, da sadakar da ake kawowa idan yaro ya kai wata sura ko ya yi sauka, da kuma zakkar hatsi da manoma ke kai masa da kaka. Da damina almajirai na taya shi noma, da rani kuma ya kan tashi da manyansu zuwa wani gari ci-rani. Wurin kwana zauren wani mai hali ne ya bayar. Abinci kuwa, matan unguwa sun san da almajirai tun daga wajen awo, kuma sau da yawa yaro ya kan sami uwar ɗaki a wani gida, yana ɗebo mata ruwa ko ya je mata aike, ita kuma tana ajiye masa tuwonsa, ta ɗinka masa rigar Sallah, ta kula da shi idan zazzaɓi ya kama shi.

Ba za mu ce babu wahala a wannan rayuwa ba, akwai ta ƙwarai. Amma tsarin ya yaɗu matuƙa. A ƙiyasin da gwamnatin Lugga ta yi a wajajen 1914, akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewacin Nijeriya, masu ɗalibai fiye da 200,000, kuma ba baitulmalin gwamnati ke riƙe da su ba. Akushin unguwa ne ya riƙe su.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

A ɓangaren mata, babu misalin da ya kai na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Bayan jihadi ta lura cewa matan karkara, cikinsu har da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ba su da hanyar zuwa gaban malami. Sai ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu natsuwa, ta koyar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji, tana ɗora mata malfa da jan rawani a matsayin alamar izini. Jaji ita ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata ƙanana daga ƙauyensu zuwa wajen Nana, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da ba su iya fitowa. Domin karatun ya zauna a kai, Nana ta tsara shi cikin waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci. Kyaututtukan da suke kawo mata, irin su hatsi da zuma da tufafi, ta kan raba wa mabukata. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Abin lura a nan shi ne, ba ta jira mabukata su zo da kansu ba, sai da ta naɗa wadda za ta je ta taho da su, wadda kuma ta san sunan kowace.

Zuwan boko da ɗawainiyar En'e

A 1909 Bature Hans Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa cikin Kano. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina, a 1930 kuma aka soma makarantun 'yan mata a Kano da Katsina. Jama'a ba su karɓi wannan sabon karatu da hannu biyu ba, domin suna tsoron ya raba 'ya'yansu da addini. Idan aka ce hakimi ya kawo yara, masu hali kan ɓoye nasu, a tura 'ya'yan barori da na marasa gata. Ta haka, cikin ikon Allah, wasu 'ya'yan talakawa suka riga 'ya'yan masu gari shiga aji.

Abin da ya sa suka ɗore shi ne Hukumar En'e ta ɗauke wa iyayensu komai. Yaron da ya ci jarrabawar shiga midil zai tafi makarantar kwana, a ba shi abinci da tufafi da sabulu da littattafai. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa mai hidima ne a gidan hakimi. Ta wannan hanya ya bi daga ƙasar Bauchi ya shiga Kwalejin Katsina, ya zama malamin makaranta, daga bisani ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Sai dai kuma ƙofar ƙunci gare ta. Makarantun kaɗan ne, yaran da suka shiga ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da waɗanda aka bari a baya.

Wannan giɓi ne ya sa a shekarun 1950 Malam Aminu Kano da abokan gwagwarmayarsa na jam'iyyar NEPU suka ƙarfafa buɗe makarantun Islamiyya, inda ake haɗa Alƙur'ani da Larabci da lissafi da rubutun boko a aji mai tsari, har da 'yan mata. Da karo-karon jama'a da gidajen da masu kishi suka bayar aka tafiyar da su. Islamiyyoyin da suka cika unguwanninmu a yau, mafi yawansu a kan wannan turba ta taimakon kai da kai suka tashi.

Lokacin da muka sakar wa gwamnati

A watan Satumba na 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Da yawa daga cikin dattawan ƙungiyarmu 'yan wannan shiri ne, kuma ba don shi ba, da yau wasunmu ba su san hanyar ofis ba. Amma an yi abin cikin gaggawa, malamai ba su isa ba, waɗanda aka samu ma horonsu bai nuna ba. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, sannan shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya biyo a 1986, sai albashin malamai ya soma makara, rufin ajujuwa ya yaye, kuɗaɗe iri-iri suka dawo kan iyaye.

A daidai wannan lokaci tsohon tsarin allo shi ma yana rushewa. Birane sun cika, kuɗi ya maye gurbin hatsi, gidan haya ba shi da zauren baƙi, matar ma'aikaci ba ta san malamin unguwa ba. Almajiri ya rasa uwar ɗaki, abin da ya rage masa sai roba da bakin titi. Mun saki na hannu muna jiran gwamnati ta ɗauki dukkan kayan, ita kuma ba ta iya ba. A irin waɗannan shekaru ne ƙungiyoyin ci gaban garuruwa suka yunƙura, ana kafa gidauniya, ana aikin gayya, ana gina sakandaren jeka-ka-dawo a miƙa wa gwamnati. Aiki ne abin yabo, amma mafi yawan ƙarfin ya tafi ga bulo da kwano, ba a cika tambayar wa zai saya wa maraya takalmi ya shiga ajin ba.

Gwamnati ta sake gwadawa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka gina irinta fiye da ɗari a sassan ƙasar, amma da yawa daga cikinsu sun lalace saboda rashin mai ɗaukar nauyin gudanar da su bayan an yanke kyalle. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, a shekarun baya hukumar UNICEF ta daɗe tana bayar da alƙaluman yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa.

Darasi daga Maiduguri

Domin kada a ce irin riƙon da muke magana ya tafi da mutanen da, ga misali daga zamaninmu. A 2007 wani lauya a Maiduguri, Barista Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu mai suna Future Prowess da yara 36. Bayan karatu kyauta, ya haɗa musu da abinci da kayan makaranta da magani, domin ya san maraya mai yunwa ba ya zama a aji. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, bai rufe makarantar ba, ya karɓi marayun sojoji da na farar hula da na 'yan ƙungiyar, ya zaunar da su a benci ɗaya, ya kuma taimaka wa iyayensu mata da sana'a. Amanar da ya samu daga kowane ɓangare ce ta sa ya shiga tsakani wajen sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da wasu 82 a 2017. A wannan shekara ta 2017, lokacin da ɗalibansa suka haura 500, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Mutum ɗaya ne, da yara 36 ya fara.

Abin da ya rage gare mu

'Yan uwa, idan kowannenmu ya yi wa kansa adalci, zai tuna wanda ya riƙe shi. Wani kawunsa ne ya biya masa kuɗin jarrabawa, wani hedimasta ne ya je har gona ya roƙi mahaifinsa, wata kuma gwaggonta ce ta sayar da akuya aka yi mata akwatin makaranta. Bashi ne a kanmu, kuma waɗanda suka ba mu shi mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, sai dai mu biya ga 'ya'yan wasu.

Saboda haka muna ba kwamitin ilimi shawara guda huɗu. Na farko, a bi unguwa-unguwa tare da masu unguwanni da limamai da malamai mata, a rubuta sunan kowane maraya da ɗan marasa ƙarfi da ya bar makaranta, da dalilin barinsa. Sau da yawa za a tarar abin bai wuce kayan makaranta, ko kuɗin WAEC da NECO da JAMB, ko tallan da uwa ta dogara da shi ba. Na biyu, duk mai iko a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya da sunansa, ya yi alƙawarin riƙe shi har ya gama sakandare, domin taimakon zango ɗaya da a yanke ya fi karya zuciyar yaro. Kada a manta da 'ya'ya mata, a sa mata 'yan ƙungiya su zama jajinsu. Na uku, a nemi abin da zai riƙa kawo kuɗi ko babu taro, kamar shago ko gona da za a yi wakafinsu, a kuma buga lissafin shiga da fita a wannan mujalla duk shekara, kowa ya gani. Na huɗu, kowane reshe ya binciki tsangayun birnin da yake, ya san yaran garinmu da ke can. Yaron da ke ƙwanƙwasa mana gilashin mota a mahadar titi, ba mamaki jikan maƙwabcin mahaifinmu ne.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Magabatanmu sun riƙe ɗalibai fiye da 200,000 da tuwon dawa da zauren ƙasa, mu da Allah Ya ba albashi da kasuwa ba mu da hanzarin da za mu kawo. Muna fata idan muka haɗu baɗi, kowane reshe ya zo da takardar sunayen yaran da ya mayar aji. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riƙe mu, Ya ba mu ikon riƙe na baya, amin.