Goyon Ciki: Gatan Yarinyar da Ta Zama Uwa

Kakata ungozoma ce a ƙasar Zazzau, a bakinta na san yadda mutanen da suke riƙon mai cikin fari. A zamaninsu ana aurar da 'ya tana shekara 13 ko 14, kusan shekarun da aka yi wa Baba ta Karo auren fari, wadda Mary Smith ta buga tarihinta a 1954. Sun san mai cikin nan ita ma yarinya ce, shi ya sa ciki na kai wata bakwai ake mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki.

A can take haihuwa. Kwana arba'in ba daka, ba surfe, ba zuwa rijiya. Safe da yamma a tafasa ruwa, tsohuwa ta yi mata wankan jego da ganyen darbejiya ko na tsamiya, a dama mata kunun kanwa, a gasa mata kauri. Kunyar ɗan fari ma sauƙi ce a gare ta: ba ta kiran sunansa, yawancin rainon yana hannun kaka, bayan yaye wata gwaggo ta karɓi riƙo. Ko auren ya mutu, bazawara tana da ɗaki a gidan ubanta.

Al'adar tana da illarta. A 1978 likitoci Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka bayyana yadda yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta ke da hannu a ciwon zuciyar masu jego a Zariya. Doguwar naƙuda a ɗaki da yankan gishiri kuwa sun jefa 'yan mata da yawa cikin yoyon fitsari, wanda ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan gata bai taɓa isa ga wadda ta yi ciki ba aure ba. Ita rabonta ɓoyo a ƙauye, ɗanta ya tashi da gori. Yau kuma gidan haya da tsadar abinci sun sa ko mai auren ba kullum take samun inda za ta koma ba. Mu rage kanwa, mu kai masu ciki awo, amma ɗakin uwa ya zauna a buɗe ga kowace yarinya mai goyo, ko ta wace hanya goyon ya zo.