Haruffa masu lanƙwasa a manhajojin gina shafukan intanet

Tarihin manhajojin gina shafukan intanet galibi jerin sunaye ne da kowa ya sani: FrontPage a 1995, Dreamweaver a 1997, WordPress a 2003. Ga mai gina shafi da Hausa kuwa, tarihin ya rataya ne a wuyan haruffa huɗu: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Akwai masu cewa an gama da matsalarsu tun 1991, shekarar da tsarin Unicode ya fito da lamba ga kowannensu. A takarda haka ne. Amma manhajojin farko sukan ajiye shafi ne a tsarin haruffan Yammacin Turai, wanda ya tanadi é da ç na Faransanci, bai san da ƙ ba. Mai son ƙ sai ya buga ƙ da hannu a duk inda harafin ya zo, sannan idan kwamfutar mai karatu ba ta da zanen harafin, ɗan akwati ko alamar tambaya zai gani a tsakiyar kalma.

A Nijar an bi wata dabara. Cibiyar INDRAP ta Yamai ta yi aiki da zanen haruffa nata, inda aka sauke wasu alamomi aka ɗora masu lanƙwasa a gurbinsu. Wannan ya fisshe ta wajen buga littattafan makaranta, sai dai rubutun kan dagule da zarar ya hau kwamfutar da ba ta da zanen. Shi ya sa shafuka da dama suka haƙura, ƙasa ta koma kasa.

Shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 2008, lokacin da tsarin UTF-8 na Unicode ya zarce sauran tsare-tsare a intanet. Google Fonts ya biyo baya a 2010, shafi ya soma zuwa wa mai karatu da haruffansa.

Abin da ya saura na ƙa'idar rubutu ne. Dokar Nijar ta 1999 ta tsayar da ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Mai gina shafi a Birnin Ƙonni, da masu karatunsa suka haɗa da mutanen Malbaza ta Nijar da na Sakkwato ta Najeriya, dole ya zaɓi ɗaya, don akwatin binciken shafinsa ba lalle ya ɗauke su harafi guda ba.